Labarin leƙen asiri da siyasar ƙasashe: yadda ake gina shi, da abin da ke sa jerinsa ya ɗore

Tambaya daga wani matashin marubuci a Ƙofar Ƙaura, Katsina: “Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta littattafan Turawa irin waɗanda jarumi ɗaya ke fitowa a littafi goma sha wani abu ko ashirin, kowane littafi da rikicin ƙasashen da ake ciki a lokacin. Ina so in rubuta irinsu da Hausa, jarumina ya zama ɗan Katsina. Amma duk sanda na fara, da na kai wajen babi na goma sai labarin ya tsinke. Yaya ake gina irin wannan littafi, kuma me ke riƙe jerin ya yi tsawo?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Labarin da ya tsinke a babi na goma kusan kullum ciwonsa ɗaya ne: an fara shi da jarumi da bindiga, ba a zauna an tsara abin da abokin gaba ke so, da ranar da zai same shi ba. A irin wannan littafi mugu ke tuƙa labari, jarumi biyo sawu yake yi. In ba ka san shirin mugu daga farko har ƙarshe ba, da ka gama faɗan farko da gudun mota na biyu sai jaruminka ya rasa inda zai nufa, kai ma ka rasa.

Saboda haka kafin ka rubuta babi na ɗaya, rubuta shafi biyu ko uku waɗanda mai karatu ba zai taɓa gani ba, ka ba da labarin daga ɓangaren abokin gaba, kamar a ce jaruminka ba ya duniya. Wane ne shi, me zai ci in shirinsa ya yi nasara, wa ke ba shi kuɗi, ta wace hanya kuɗin ke isowa, mutum nawa suka san sirrin, wace rana ce abin zai auku, kuma me ya sa ba za a iya ɗaga ranar ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ginshiƙi. Taron shugabanni da aka riga aka sa wa rana, jirgin ruwan da zai ɗaga daga tasha, ayarin motocin da dole ya ƙetare kafin ruwan farko ya ɓata hanya, duk suna ba ka wa'adi. Da yawa daga cikin littattafan nan abin da ke cikinsu bai wuce 'yan kwanaki ba. Da ka bar labari ya miƙe wata shida, zafinsa ya huce. Bayan ka gama wannan shafi, sai ka nemi wurin da shirin ya yi ɗan yoyo, direban da ya ga abin da bai kamata ba, ko kuɗin da ya shiga asusun da ba nasa ba. Ta wannan kafa jaruminka zai shigo.

Ba a kan fako za ka fara ba. Tun farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, Bature Gagare ya yi Ƙarshen Alewa Ƙasa mai cike da makamai da ta'asa. Abin da kake son ƙarawa shi ne hannun ƙasashen waje, kuma inda kake zaune ya fi ƙarfin ka je aron fili a Moscow ko Landan. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa wajen kilomita 90 ne. Daga Daura ka bi ta Kongolam ka nufi Damagaram, daga can hanya ta miƙe zuwa Agadas da Arlit inda ake haƙar yuraniyom. Ga zinaren Djado da aka yi wa rububi tun 2014. Ga makaman da suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, ga matatar mai ta kusa da Damagaram, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Faransa da Amurka da Rasha da Sin da Turkiyya duk suna da abin da suke nema a wannan yanki. Marubucin da ke Amurka sai ya yi bincike na watanni kafin ya san yadda kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa take ranar Lahadi, kai kuwa kuɗin mota kawai za ka biya.

Sai dai nan tarkon yake, kuma shi ya fi kashe irin waɗannan littattafai: labaran duniya sun fi alƙalami sauri. Ka ɗauka wani ya fara rubutu a farkon 2023, ya gina labarinsa a kan sojojin Faransa a Yamai da jiragen Amurka marasa matuƙi a Agadas. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take ba Nijar. Kafin ƙarshen Disambar shekarar sojojin Faransa sun fice, a watan Agustan 2024 Amurka ta miƙa sansaninta na Agadas, a Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Littafin da bai kai ga maɗaba'a ba ya tsufa a aljihun tebur. Maganin wannan shi ne ka kafa labarinka a kan abubuwan da ba sa canzawa da juyin mulki ɗaya: ma'adinai na nan a ƙarƙashin ƙasa ko wa ke mulki, hanyar hamada na nan, bambancin farashin kaya tsakanin ɓangarorin iyaka biyu na nan, dangin da iyaka ta raba suna nan. Shugabannin ƙasa da ministoci da janar-janar kuwa ka ƙirƙiri naka, kada ka kuma rubuta shekara a cikin labarin. Abin da ya riga ya faru ka bar shi a matsayin tarihi, naka ƙagen ya fara taki ɗaya gaba da inda gaskiya ta tsaya. Taki ɗaya na ce. In ka yi goma, ka koma tatsuniya.

Labarin yana tafiya ne a hawa uku. Akwai na sama, ofisoshin Abuja da Yamai da ofisoshin jakadanci, inda ake yanke shawara. Akwai na tsakiya, 'yan canji da dillalai da direbobin dogon zango da jami'an kan iyaka. Akwai na ƙasa, inda ake gudu da harbi. Sababbin marubuta kan rubuta na sama da na ƙasa su tsallake na tsakiya, alhali a can daɗin yake, kuma can ne ka fi kowa sani. Ministan da ke magana a ɗakin taro kowa zai iya ƙirƙirarsa. Amma ka nuna mana ɗan canji zaune a kan benci da ƙullin sefa ɗaure da roba, wayoyi biyu a gabansa, ɗaya da layin Nijeriya ɗaya da na Nijar, ana kiransa daga Dubai ya ce “an gama” ba tare da ko sisi ya ƙetare iyaka ba, sai mai karatu ya gyara zama, domin ya san mutumin.

Game da awo, littattafan Turawan da kake karantawa sukan kai kalmomi 100,000 zuwa 150,000. Kada ka bi wannan. Mai karanta Hausa a yau a waya yake karatu, ko ya saurara ana karanta masa. Kalmomi 60,000 zuwa 80,000 sun isa, a babi 45 zuwa 55, kowane babi kalmomi 1,200 zuwa 1,800. Mutanen da za mu riƙa ganin labari ta idonsu kada su wuce huɗu ko biyar, jarumi ya ɗauki rabin babobin, mugu ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin biyar. Babi guda, idon mutum guda. In muna cikin kan jarumi, ba mu da ikon sanin abin da mai gadin ƙofa ke rayawa a ransa sai abin da fuskarsa ta nuna. Babobin mugu suna da amfani na musamman: mai karatu ya riga jarumi sanin inda tarko yake, ya zauna yana kallonsa yana nufar wurin. Manyan faɗace-faɗace huɗu ko biyar sun wadatar a littafi guda, kowanne kuma ya canza wani abu, ko a samu bayani, ko a rasa mutum, ko a gano amintacce maci amana ne. Faɗan da za a cire labari ya ci gaba yadda yake, cire shi. A wajen rabin littafi, jarumi ya gane cewa abin da yake bi ba shi ne ainihin abin ba. Wurin da naka ke tsinkewa, wato babi na goma, nan ne ya kamata wannan zaren na biyu ya fara leƙowa.

Yanzu batun ƙananan abubuwan da ke zubar da mutuncin marubuci. A cikin masu karatunka akwai soja, akwai ɗan kwastan, akwai direba, kuma ba sa yafiya. Gidan harsashin AK-47 na yau da kullum harsashi 30 yake ɗauka, in aka danne kunama ba sassautawa cikin kamar daƙiƙa uku ya ƙare. Jarumin da ya yi minti biyar yana ɓarin wuta bai canza gidan harsashi ba ya kunyata ka. Abin rage ƙarar bindiga rage ta yake yi, ba ya kashe ta. Wanda aka harba a kafaɗa ba ya ɗaure ta da rawani ya hau babur ya yi faɗa washegari, akwai ƙashi da manyan jijiyoyin jini a wurin. Tankin Hilux wajen lita 80 ne, kuma yashi ya fi kwalta shan mai nesa ba kusa ba, don haka duk mai ratsa hamada sai da jarkokin mai da na ruwa, ka sa su a labari. Bin sawun waya a ƙauye ba ya nuna ɗakin da mutum yake, yanki yake nunawa, kuma inda turakun sadarwa suka yi nisa da juna yankin kan yi faɗi sosai. A bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta. Ka tuna a watan Satumbar 2021 an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, mutane suna tafiya mai nisa don su yi kira ɗaya. Irin wannan yanayi kaɗai ya isa ya riƙe babi uku.

Hukumomin leƙen asiri da na tsaro ma ka bambance su. DSS aikin cikin gida take yi, NIA ce ta ƙasashen waje, DIA ta soja ce, dukkansu an kafa su a 1986 bayan an rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO. Jami'in DSS ba ya tsallaka Maraɗi ya kama mutum ya dawo da shi kamar ya je Batsari. In ya yi haka, wannan kansa rikicin diflomasiyya ne, kuma labari ne mai kyau in ka san haka ka rubuta shi. Bataliya Laftanar Kanar ke jagoranta, birged kuma Birgediya Janar. Kyaftin ba ya ɗaga waya ya kira shugaban ƙasa. A ɓangaren Nijar akwai jandarma da 'yan sanda da 'yan duwan, wato kwastan, kowa da kakinsa da hurumin aikinsa, kuma Bamaraɗe in ya buɗe baki a littafinka ya yi magana irin ta Maraɗi, ya ƙirga kuɗi da dala da jika.

Lokaci da nisa kuwa, zana su a takarda. Yi jadawali, kowace rana layi guda, kowane mutum da gurbinsa, ka rubuta inda yake da asuba, da azahar, da magariba, da tsakar dare. Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya, Bamako da Wagadugu suna baya da awa ɗaya, Moscow na gaba da awa biyu, Dubai da uku, Washington na baya da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Jakadan da ya kira hedikwatarsa a Washington da ƙarfe tara na safiyar Abuja ya tashi mutane daga barci. Ka zaɓi lokacin shekara ka tsaya a kai: hazon hunturu kan hana jirage tashi, damina kan cika rafuka ta rufe daji da ganye, bazara kan sa ruwan sha ya zama abin faɗa. Ka duba ma ko daren farmakinka akwai farin wata.

Mu zo kan jerin. Abin da ke dawo da mai karatu littafi na bakwai ba rikicin ƙasashen ba ne, wannan yana ji a rediyo kyauta. Mutanen ne. Gina jarumi da zai iya ɗaukar shekaru: ƙwarewa ɗaya ko biyu da ya fi kowa, rauni ɗaya na gaske da ke jawo masa asara, da wata ƙa'ida da ba ya takawa, wadda za ka riƙa matsa masa a kanta littafi bayan littafi. Tsohon jami'in da ya bar aiki ya fi mai kaki sauƙin sarrafawa, domin ba sai ya jira umarni ba, amma dole ka bayyana wa ke biyan kuɗin mai da masauki. Ɗan Katsina yana da wata dama: a ce mahaifiyarsa Bamaraɗiya ce. Tun bayan jihadi da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma suka kafa Maraɗi, jinin garuruwan biyu a gauraye yake. Jarumin da kawunsa ke wancan ɓangare yana da wurin kwana, yana kuma da abin da za a riƙe shi da shi. Kada ka mai da shi Bature mai sunan Hausa. Yana da uwa da za ta kira shi, yana da biki da jana'izar da in bai je ba za a yi magana, yana neman wurin alwala a kan hanya. Kewaye da shi ka sa mutum huɗu ko biyar masu dawowa, cikinsu har da mace mai aikin kanta da ra'ayin kanta, ba wadda aka ajiye don a sace ba.

Kowane littafi ya rufe rikicinsa tsaf, wanda ya fara da na biyar ya fahimta ba tare da ya ga na ɗaya ba. Amma a ƙarƙashi ka bar zare ɗaya mai tsawo, kamar wani babban mutum da ba a ga fuskarsa ba, ka warware shi cikin littafi uku ko huɗu, sannan ka ƙulla sabo. In ka ja shi har littafi goma mai karatu zai gane wasa kake masa. Tunatarwa kan abin da ya wuce kada ta haura sakin layi biyu, kuma a sa ta inda ake buƙata, ba a zuba ta a babin farko ba.

Cututtukan dogon jeri sanannu ne. Na farko hauhawa: littafi na ɗaya an ceci mutum, na biyu gari, na uku ƙasa, na huɗu duniya, na biyar ba sauran abin ceta. Canza irin barazanar maimakon girmanta. Bayan littafin makamai, yi na jabun magani, ko na satar bayanan banki, ko na mutum ɗaya da dole a fitar da shi daga wani gari da rai. Na biyu jarumin da ba ya jin ciwo. In mai karatu ya tabbata ba abin da zai same shi, sai ka sa farashin ya faɗa kan abin da zai iya rasawa, aboki, aure, suna, lafiyar gwiwa. Raunin littafi na uku ya riƙa damunsa a na shida. Na uku shekaru: in ya fara yana ɗan 35 kana fitar da littafi duk shekara, ka yanke tun yanzu ko zai tsufa tare da kalanda ko kowane littafi wata uku ne a rayuwarsa. Duka biyun suna aiki, haɗa su ne ba ya aiki. Na huɗu mantuwa, ita kuma maganinta kundi. Ka riƙe shi yadda mai shago ke riƙe littafin bashi: sunan kowa, shekarunsa, garinsu, tabon da ke jikinsa da hannun da yake, wanda ya mutu da babin da ya mutu, wa ya san wane sirri. Shahararrun jerin da wasu marubuta suka ci gaba da su bayan rasuwar masu su, da irin wannan kundi ake riƙe su.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci da doka. Kada ka ɗora laifin ƙage a kan mutum mai rai ko kamfani na gaske, ɓata suna ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan ga mai wallafawa a waya. Kada ka rubuta yadda ake haɗa abin fashewa dalla-dalla, labari ba ya buƙata, tsoron da ke fuskar mai haɗawa ya fi amfani. Kada ka mai da wata ƙabila gaba ɗaya miyagu, ko Fulani ko Buzaye ko wasu, rashin adalci ne kuma ragon rubutu ne. Masifun da suka faru a gida, irin sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, waɗanda abin ya shafa suna raye suna karatu. Ƙirƙiri garinka da makarantarka.

Wajen fitarwa, in babi-babi za ka riƙa saki a WhatsApp ko wata manhajar karatu, kada ka saki na farko sai ka gama rubuta littafin duka. Labarin soyayya kan jure a riƙa ƙirƙira ana tafiya, wannan ba ya jurewa, domin abin da zai fashe a babi na 48 dole a binne shi a babi na 6, kuma sau da yawa sai ka kai ƙarshe za ka san abin da ya kamata ka binne. Ka ba mutum uku su karanta kafin kowa: wanda ya yi aikin kaki, wanda ya san hanyar da ka rubuta da ƙafarsa, da mai karatu na yau da kullum wanda zai nuna maka shafin da ya fara hamma. In za ka buga a takarda, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Kuma kafin na ɗaya ya fita, a ce kana da tsarin na biyu a rubuce da babobinsa biyar na farko, don tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce shekara guda.